Mararrabar Layin Sito

4 ga Janairu

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da autarki da mijinta da jikokin nan da ba sa barin ki zauna. Yaya gwiwar? Mu nan ƙalau muke, sai ciwon bayan da duk mai gyaran agogo yake gada daga kujerarsa. Na gaji da yi miki ihu a waya kina cewa in ƙara ɗaga murya, har tela maƙwabcina ya haddace sirrin danginmu kaf. Shi ya sa na koma takarda. Dama abin da nake nema a wurinki ba ya faɗuwa da baki, sai an zana.

Ki yi dariyarki ki gama tukuna. Wata uku da suka wuce wani mutum ya kawo mini gyaran kan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Ba irin na yara ba ne, komai nasa na gaskiya ne aka ƙanƙantar. Da na gama na ɗora shi a kan ɗan layinsa ya tafi, sai na tambayi mai shi inda ake samun irinsa. Mutumin ya kwatanta mini shagon da ake sayar da irin kayan. Yanzu ɗakin bayan shagona, inda nake tara matattun agogon bango, na kwashe shi na kafa tebur daga bango zuwa bango. Tasharmu nake so in gina, Yaya.

Bara na bi ta wurin. Babu layi, babu ɗakin sigina, babu kwatas, manyan motoci ake ajiyewa. Na tambayi mai gadin ko ya san a nan jirgi yake tsayawa, ya dube ni kamar na zautu.

Ina shekara tara muka bar wurin, ke kuwa sai da aure ya ɗauke ki. Kuma kullum kina sama a ɗakin sigina wajen kai wa Baffa mahaifinki abinci, kina ganin layukan duka ta taga, lokacin Babana yana ƙasa cikin rana yana sauya layi. Kakanninmu ne wa da ƙani, amma a kwatas ba wanda ya san ba ciki ɗaya muka fito ba, don haka ba zan yi miki kara ba. Ki zana mini tashar. Mai shagon ya ce kada in manna komai sai na san yawan mararraba, wato wurin da layi ɗaya yake rabuwa biyu, domin su ake fara ajiyewa, sauran layi ya biyo baya.

Akwai wani dalili kuma. Jikata ta tambaye ni aikin me mahaifina ya yi, na ce ma'aikacin jirgin ƙasa ne, na sauya zance. Shekara hamsin da huɗu ina sauya wannan zancen. Kin san abin da aka ce: ya bar layi a buɗe, tarago biyu suka sauka, aka rage masa matsayi aka tura mu ƙaramar tashar nan da ko makaranta babu. Har yau sunansa yana mini nauyi a baki, kuma na gaji da hakan.

Ƙanenki,
Mai Agogo

22 ga Janairu

Mai Agogo,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan tana mulkinta, ita ke cewa a tashi, ita ke cewa a zauna. A gaida matar gidan, a ce mata ina taya ta haƙuri, tsofai-tsofai da miji ya koma wasan jirgi.

Na yi dariyar kamar yadda ka ce, amma ba ta yi nisa ba. Na nemi bayan tsohuwar kalanda na zauna da fensirin jikana, sai ga shi har la'asar ban tashi ba. Ashe duk yana nan a kaina, ni da nake manta inda na ajiye tabarau alhali yana goshina.

Ga zanen nan. Dogon layin da ke tsakiya shi ne babba, wanda jirgin fasinja yake bi. Na kusa da shi na jiran juna ne, na ƙarshe kuma inda ake barin taragon da ba a bukata. Mararraba huɗu ke nan, biyu ta gabas, biyu ta yamma. Kada ka manta famfon da ke ƙarshen dandamali, wanda ba ya rufuwa sai an ɗaure shi da tsumma. Na sa maka mangwaron bayan ofishin shugaban tasha, inda ka faɗo ka tsage leɓe ka ce mini kada in faɗa, na kuwa faɗa tun kafin ka iso gida.

Kwatas gida takwas ne a jere. Namu na uku, naku na biyar, mai shuɗiyar ƙofa. In za ka yi gaskiya sai ka ɗaura igiyar shanya tsakaninsu. Ka tuna yadda iyayenmu mata suke rugawa kwashe wanki da sun ji kukan jirgin ƙarfe goma sha ɗaya? Wadda ta makara, hayaƙi ya mai da fararen kayanta na makoki. Innarka ita ce sarauniyar gudu, zani a hannu tana zagin direban, shi kuwa yana ɗaga mata hannu yana zaton gaisuwa ce.

Ƙamshin man da Babanka yake shafa wa ƙarafan nan ba zai zanu ba. Yana da gwangwaninsa da buroshinsa, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa. Ranar da na gama zanen nan sai da na ji warin man a hancina, na ce wa auta ko wani abu yana ƙonewa a kicin.

Allah ya jiƙan su duka. Ka gina abinka, ka aiko mini hoto.

Yayarka

9 ga Fabrairu

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Matar gidan ta amsa, ta ce gara jirgin da zaman majalisa, aƙalla ta san inda nake.

Zanenki ya iso, na manna shi a bango. Tela ya shigo ya gani ya tambaya ko injiniya ce ke, na ce a'a, tsohuwa ce mai faɗa. Har tsumman famfo kin sa. Amma Yaya, na ƙirga mararraba huɗu a takardarki, ni kuwa biyar nake tunawa. Ina layin sito? Ina siton ma kansa, mai jan kwano, da ake sauke buhuna? Wurin da ya kamata ya zauna kin bar shi fari fat, kamar ba a taɓa aza tubali a nan ba.

Na san don ni kika yi, kuma na gode. Amma a nan abin ya faru, kuma shi nake so in gani. Ranar ina makaranta, ko da na dawo an riga an kori mutane daga wurin, a gida kuma ba a sake ta da maganar ba har Baba ya rasu. Ina so in tsaya a kan wurin da ya yi kuskuren, ko da a kan tebur ne, in dube shi ido da ido, wataƙila in iya yafe masa yadda ya kamata.

Huɗun nan na riga na ɗauko su. Ashe abin yana da ilimi. Kowace mararraba tana da harsunan ƙarfe biyu masu motsi, su ke kama ƙafar jirgi su kai ta wannan layi ko wancan. Akwai ta dama, akwai ta hagu, kuma ba daga inda mutum ya ga dama yake dubawa ba. Sai ka tsaya a bakin harsunan ka fuskanci inda layin ya rabu, hannun da reshen ya bi shi ne sunanta. Sannan suna da lamba. Lamba huɗu gajera ce, tana karkacewa da sauri kamar mai keke ya ga rami. Lamba shida doguwa ce, tana bi a hankali, sai dai tana cin wuri. Na zaɓi shida ga dukansu, jirgin yana wucewa sumul.

Don haka ki tsaya a zuciyarki inda Baba yake tsayawa, ki gaya mini reshen sito dama ya bi ko hagu. Kuma in kina iya tuna nisan da ke tsakanin mararrabar da bangon siton, ko da kintace ne, ki taimaka.

Ƙanenki,
Mai Agogo

3 ga Maris

Mai Agogo,

Muna lafiya, ina fata ku ma haka.

Tun kana yaro in ka kafe a kan abu sai an ba ka ake samun barci a kwatas. Ga shi nan na ƙara a wata takardar.

Dama ya bi. Yana fita daga layin jiran juna, bai gama miƙewa ba sai ya sake lanƙwasowa hagu don ya kwanta a jikin bangon siton. Ba kintace zan ba ka ba. Shekara biyar ina ɗaukar kwanon abinci mai zafi daga gida zuwa ɗakin sigina, kuma don kada in ji zafin a ka nake ƙirga takuna. Dandamali daga farko zuwa famfo taku ɗari da arba'in ne. Daga hannun ƙarfen da Babanka yake ja ya sauya layi zuwa kusurwar siton, taku ashirin da biyu. Na taka shi ya fi sau dubu, ba zan ɓata ba.

An gina siton ne daga baya, aka matse shi tsakanin layi da katangar tasha, don shugaban tasha na lokacin ya ce ba za a rushe masa lambu ba.

Da ni ce kai, da na bar wurin fari na dasa ciyawa. Tasha tana kyau ko babu sito. Amma teburinka ne.

Hannuna yana ciwo yau, shi ya sa na taƙaita.

Yayarka

28 ga Maris

Yayata,

Ina gaisuwa, Allah ya sa hannun ya saki. Ki riƙa gasa shi da ruwan ɗumi.

Takunki sun yi mini aiki. Na auna dandamalin da na gina na raba shi gida ɗari da arba'in, na sami tsawon takunki ɗaya a kan teburina, bai kai faɗin farcena ba. Na ƙirga ashirin da biyu na kafa kusurwar siton. Da na ɗora lamba shida sai wutsiyarta ta shige cikin bango. Na koma shago na ɗauko lamba huɗu ta dama, ta zauna daram kamar don wurin aka yi ta. A ranar na hango wani dogon tarago a cikin gilashi, mai ƙafa takwas, ya kusa ninka gajerun nan nawa. Kyansa kawai ya ja ni. Mai shagon ya dubi zanenki, ya dubi taragon, ya yi murmushi ya naɗe mini.

Kwana uku na yi ina dasa mararrabar. Na ja layin tsakiya da fensir, na huda katakon daidai ƙarƙashin harsunan don sandar da za ta motsa su, na goge bakin hudar da magagari. Gam kuwa sai a ƙarshe biyu kawai, don in ɗigo ɗaya ya shiga ƙarƙashin harsunan sun mutu ke nan. Na haɗa ƙarafan da dalma, na bi mahaɗin da yatsa ido a rufe har na daina jin tudu. Tsakuwar gefen layin ma da hantsakin agogo na jera ta a wajen, ƙwaya-ƙwaya. Matar gidan ta leƙo ta ce ko ranar aurenmu ban nutsu haka ba.

Gajerun tarago suka shiga layin sito suka fito lafiya. Na ji daɗi har na yi tafi ni kaɗai. Sai na haɗa dogon, na sa inji ya tura shi da baya. Ya wuce harsunan lafiya, yana isa inda layin ya lanƙwaso hagu sai ƙafar gaba ta hau kan ƙarfe, ya kwanta a jikin siton. Na ɗaga na sake, ya sake kwantawa a wurin. Sau goma sha ɗaya, Yaya, wuri ɗaya.

Na sa gilashin ido na duba. Na auna faɗin layi, daidai. Na duba ko teburin ya karkace, bai karkace ba. Harsunan a rufe suke gam, ko gashi ba zai shiga ba. Hannun mai sauyawa ba shi da laifi ko kaɗan, wurin ne ba zai ɗauki dogon tarago ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai wanda ya san haka tun farko, yana kallo, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ko dai ƙafafunki na yarinta ne suka gajarta mini wurin? Dama ke guntuwa ce a lokacin.

Ƙanenki,
Mai Agogo

14 ga Yuni

Yayata,

Ina fata lafiya. Wata biyu da rabi ke nan ba amsa. Na kira autarki ta ce ƙalau kike, kina ci kina sha, sai dai takardata tana cikin jakarki kina yawo da ita, kuma kin rage magana. In batun guntuwa ne ya ɓata miki rai, na janye. Ke doguwa ce tun daga haihuwa.

Na koma wajen mai shagon na sauke masa abin da ke raina, kamar yadda na ce miki ya ba ni haushi. Ya amsa cewa tun ranar ya san taragon ba zai wuce ba, wai ya bar ni ne in koya da hannuna, haka shi ma aka koya masa. Ya ce lanƙwasa biyu a jere masu saɓa wa juna, babu miƙaƙƙen layi a tsakani, ba dogon taragon da zai tsira, balle ana tura shi da baya. Shawararsa in matsar da siton gaba, in ɓamɓare lamba huɗun in sa shida.

Na yi ta jinkiri don ina jiran ki ce wani abu. Tunda kin yi shiru, ƙarshen watan nan zan sa wuƙa in cire ta.

Ki rubuto ko layi biyu ne, hankalina ba a kwance yake ba.

Ƙanenki,
Mai Agogo

21 ga Yuni

Ƙanena,

Lafiyata ƙalau. Kada ka taɓa mararrabar nan.

Da na karanta inda ka ce akwai wanda ya sani yana kallo ya yi shiru, sai na zaci da ni kake. Na ɗauka ka riga ka gano, duk ginin nan tarko ne ka kafa mini don in faɗa da bakina. Na yi fushi da kai, na yi kuka, na rubuta maka takarda uku na yaga. Sai ga ta biyun ta zo, ashe da mai shago kake. Ka ga ke nan da zan iya ci gaba da shiruna, ka cire abinka, jirginka ya wuce lafiya, mu mutu a haka. Na kwana biyu a kan wannan, na ga ba zan iya ba.

Takuna ba su gajarta maka komai ba. Haka wurin yake. A shekarar aka fara kawo dogayen tarago masu ƙafa takwas. Sau biyu kafin ranar an tura su layin sito, ƙarfe yana kuka har haƙoran mutum su yi tsami. Na ji mahaifina da kunnena yana ce wa Innarmu wata rana sai sun sauka a kwanar nan, kuma ya faɗa wa shugaban tasha an ce ya kula da siginarsa.

Ranar ina sama, na ajiye kwano ke nan. Ina shekara goma sha biyu. Na ga Babanka ya ja hannun ƙarfen. Bai tsaya nan ba, don shi bai taɓa yarda da hannun ƙarfe ba. Ya taka har bakin harsunan, ya sa dunduniya ya danna, ya durƙusa ya duba, sannan ya miƙe ya ɗaga koren ƙyalle. Taragon farko ya wuce harsunan lafiya. A kwanar ya hau ƙarfe ya kwanta a jikin siton, ya ja na biyun. Mahaifina yana tsaye kusa da ni, hannunsa a kan kafaɗata. Duk abin da na gani ya gani.

Da masu bincike suka zo, shugaban tasha ya riga ya ce layi aka bari a buɗe, don shi ya sa hannu aka yi kwanar. Aka tambayi mahaifina, ya ce lokacin yana rubutu a littafi, bai ɗaga kai ba. Mu bakwai ne a gidan, kuma gidan na aiki ne. Ba ina wanke shi ba ne, ina gaya maka abin da ya auna. Da ya dawo ya kira ni bayan ɗaki ya ce, “Ke ma ba ki ga komai ba.” Bai taɓa yi mini magana da irin wannan muryar ba, kuma bai iya kallon idona ba.

Ranar da kuke loda kaya, Babanka ya zo ya yi sallama da mahaifina a ƙofarmu. Ya riƙe hannunsa ya ce a yafi juna, bai ƙara ko kalma ba. Ya san mahaifina ya gani, don tagar ɗakin sigina tana kallon wurin. Daga ranar mahaifina ya juya kujerarsa ta ba wa layin sito baya, haka ya yi aiki har ya yi ritaya.

Ni kuma na girma, na yi aure, na zo jana'izar Babanka na zauna kusa da Innarka ina ba ta haƙuri, abin yana bakina. Na ce bari mahaifina ya rasu tukuna. Ya rasu, na ce ai an daɗe, tono ba zai amfani kowa ba. Tsoro ne kawai, kada ku daina kirana Yaya.

Babanka ya rufe layin nan. Na gani da idona. Ka yi yadda ka ga dama da ni.

Yayarka, in har yanzu ka yarda

2 ga Yuli

Yayata,

Ina gaisuwa. Ga shi na rubuta Yayata, kin gani, don haka wannan ya wuce.

Takardarki ta same ni da safe ina buɗe shago. Na karanta a tsaye, na mayar da ƙofar na rufe, ranar ban yi aiki ba. Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi da Baffa, mutumin da ya goya ni a wuyansa ya nuna mini yadda ake kunna fitilar sigina. Ke kuwa shekararki goma sha biyu aka ɗora miki. Na so ki sauke tun Inna tana da rai, wannan kam zai daɗe yana mini ciwo. Amma kin sauke lokacin da ba wanda ya tilasta ki, kuma na san abin da hakan ya ci miki.

Fushin bai kai azahar ba ya juyo kaina, don ni ma ina da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina shekara goma sha shida, a ƙaramar tashar nan, Baba ya yi mini faɗa don na bar ƙofar kaji a buɗe. Abokaina na kwatas duk sun wuce sakandare, ni ina zaune, raina a ɓace yake da shi dare da rana. Sai na ce masa ai gado na yi, a gidan nan ba ni na fara barin abu a buɗe ba. Na zaci zai mare ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, “Na rufe shi, ɗana.” Sau ɗaya tak ya faɗa a rayuwarsa, kuma ni ya faɗa wa. Na yi tsaki na fita.

Mararrabar tana nan, ba zan taɓa ta ba, siton ma ba zai matsa ko taku ɗaya ba. Na kira ƙannena biyu da 'ya'yanmu duka su zo ƙarshen wata. Zan ba kowannensu gilashin ido ya duba harsunan da kansa, sannan ya tura taragon da hannunsa. Ina so in karanta musu takardarki, amma sai kin ce to. In kin ce a'a zan faɗi abin da teburin ya nuna kawai, ya isa.

Yau da safe kafin in buɗe shago na shiga ɗakin bayan. Na ja sandar, na duba harsunan, na danna su da yatsa, suna rufe gam. Na tura dogon taragon a hankali, ya wuce su lafiya, ya je kwanar ya kwanta. Shekara arba'in ina gyaran abin da ya lalace, ban taɓa ganin lalacewar da ta sanyaya mini rai irin wannan ba. Ban ɗaga shi ba. Na tsaya a kansa, tela yana jin motsina ta bango, na ce da ƙarfi, “Na yarda, Baba. Ka rufe shi.”

Ƙanenki,
Mai Agogo